Kwana Goman Habibu Mai Hoto

"Hannun wa ne wannan?"

Rahama na durƙushe gaban mahaifinta, Malam Usman masunci. Hoton na kan tabarma a tsakaninsu. Ta duba, ta sake dubawa, idonta ya ƙi yarda da abin da ya gani.

Ita ce. Atamfarta ce shuɗiya, ɗaurin kallabinta ne, murmushinta ne. Tana tsaye. A gabanta Salisu mai sayar da esansi, wato man fetur, yana zaune kan kujera ya washe baki, hannunta na dama kwance a kafaɗarsa.

"Na ce hannun wa ne?"

"Nawa ne, Baba... amma wallahi..."

"Kada ki sa sunan Allah cikin wagga ƙazanta!"

"Baba, ban taɓa tsayawa kusa da Salisu ba! Ko gaisuwa ba ta haɗa mu!"

Inna Inde, uwarta, tana bakin murhu ta haɗa kai da gwiwa. Bayan danga ana jin motsin matan maƙwabta, waɗanda suka zo ɗibar wuta suka manta da wutar.

Duk Madarumfa ta san Salisu. Ba ya ganin zane ya kau da kai.

"Wa ya ɗauki hoton?" in ji Malam Usman.

"Habibu."

"Habibun da na ba ki?"

"Shi."

"To a kira shi. Shi ya san aikinsa. In ya ce ƙarya ne, na yarda ƙarya ne."

Rahama ta sauke ajiyar zuciya, ta share hawaye da bakin mayafi.

Habibu zai zo. Magana ta ƙare.

Haka ta zata.

Wata biyu kafin wannan rana, Habibu ba shi da komai sai iya aiki. Shekara uku ya yi a Maraɗi yana koyon hoto wurin wani ubangida, ya dawo gida hannu biyu babu kyamara. Da ya aika neman Rahama, Malam Usman ya ba da amsa gajera.

"Masunci yana da taru. Manomi yana da hauya. Shi mi gare shi? Ya kawo abin aikinsa in gani."

A gidansu Habibu ma ba a so. Uwarsa ta riga ta ajiye masa Delu, ɗiyar ƙanenta, kuma Delu ta daɗe da sanin haka.

Rahama ba ta yi kuka ba. Tana da tunkiya da 'ya'ya biyu, tana da fegin albasa a lambun bakin tafki. Ta sayar da su duka. Ranar da ta kai albasar Maraɗi suka haɗu a babbar kasuwa, ta damƙa masa ƙullin a hannu.

"Rahama... ba zan iya karɓa ba."

"Ba kai na ba ba. Gidana nake saye."

Shekarar ce aka karya darajar sefa, kome na kanti ya ninka. Alhassan mai kayan hoto ya jera musu kyamara uku a kan tebur.

"Wagga sabuwa ce dal, kada ma ku tambaya, ranku zai ɓaci. Wagga ta tsakiya ta hannu ce, amma lafiyayya, jikka arba'in. Wagga kuwa wani nasara ya bar ta, ashirin da biyar."

Jikka arba'in ɗin, sefa dubu arba'in ke nan, su ne duk abin da ke ƙullin.

Habibu ya ɗauki ta tsakiya, ya kara a ido, ya kasa ajiyewa.

"In ka saye ta, a kan mi za ka ɗora ta?" in ji Rahama. "Da wace fitila? Da wane pelikil, fim ɗin da hoton zai hau? Iska za ka ɗauka?"

"Amaryarka ta fi ka lissafi," in ji Alhassan yana dariya.

"Mi ne ne aibin ta nasaran, Alhaji? Faɗi gaskiya, ba a rage kuɗi a banza."

"Ido gare ta kamar shaho. Sai dai ɗan hannun nan da ke jan pelikil gaba, wani lokaci yana santsi. Ka riƙa kula, shi ke nan."

Habibu ya sake kai ido kan ta tsakiya.

"Ɗauki wannan, Yaya Habibu. Kai gwani ne, za ka kula."

Ya ɗauka. Ta tsaya ta yi ciniki har Alhassan ya riƙe kai yana kiran ta kashe shi. Suka samu ƙafa uku ta ɗora kyamara, da filasha mai walƙiya, da pelikil biyu. Saura labulen baya. Habibu ya ƙyalla ido kan wani mai zanen gidan bene da jirgin sama. Kuɗin bai kai ba. Rahama ta ja shi layin 'yan yadi, ta sa aka yanko baƙi wuluk.

"Baƙi? Zaman makoki za mu buɗe?"

"Mai kyau a gaban baƙi yake haske. Ka gwada da ni ka gani."

A motar komowa ya rungume kyamarar kamar jinjiri. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Rahamata... sanyin idona. Duk hoton da zan ɗauka a duniya rabinsa naki ne."

"Rabi kawai?"

"Duka, har da mai ɗaukar!"

Malam Usman ya juya kyamarar a hannu, ya shinshina ta, ya mayar.

"Na ba ka. Bayan Sallar Layya."

Habibu ya kafa rumfa kusa da tasha, ya rataya baƙin yadi, ya ajiye kujerar katako a gabansa. Ya rantse hoton farko na Rahama ne.

"Tsaya bayan kujerar. Dafa ta, kamar matan birni. Yauwa... kalle ni, masoyiya. Kada ki motsa!"

Fitila ta walƙa. Kujerar babu kowa a kanta.

Ta fita tana dariya. Tana fita Salisu ya shigo, ya zube kan kujerar yana cewa a ɗauke shi kamar minista. Habibu ya ja ɗan hannun nan. Ya yi santsi, pelikil bai gusa ba. Shi kuwa idonsa na bin shuɗiyar atamfa a titi. Ya danna.

Hoto biyu suka hau wuri guda. Baƙin yadi ya haɗiye shaida.

A Maraɗi ake wanke hotuna. Wani direba mai suna Maman, yayan Delu, shi ke kai pelikil ya dawo da ambulan. Ranar ya iso da gajiya, ya ajiye ambulan a gida ya shiga wanka. Delu ta buɗe.

Kwana biyu hoton yana yawo. Ya je rijiya, ya je gidan suna, ya je wurin kitso. Sai da ya gama gari sannan Delu ta kai wa Inna Inde, tana matsar hawaye, wai ba ta so su ji a bakin duniya.

To, aka kira Habibu.

Ya iso zauren Malam Usman bayan azahar. Dattawan unguwa sun cika ƙofa, cikinsu har da magidantan da suka riga suka ce zai shiga gidajensu ranar Salla ya ɗauki iyalinsu. Rahama na tsaye bayan asabari, tana leƙe.

Aka miƙa masa hoton.

Kallo ɗaya ya yi masa. Rahama ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta ga babban yatsansa ya motsa shi kaɗai kamar yana jan ɗan hannun nan. Ya gane. Wallahi ya gane!

"Habibu," in ji Malam Usman. "Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Abu biyu na sani. Ko ɗiyata ta tsaya da wanga mutum, ko aparai ɗinka na ɗaukar hoto yana haɗa mace da namijin da ba ta taɓa tsayawa da shi ba. Wanne ne?"

Kafin Habibu ya buɗe baki, wani dattijo ya yi gyaran murya.

"In na biyun ne, ai bala'i ya shigo gari. Wa zai bar matarsa ta tsaya gaban wanga abu? Gobe a gan ta a cinyar wani ƙato?"

"Sai a fasa shi da taɓarya!" in ji wani.

Saura kwana goma Salla.

Habibu ya dubi ƙasa. Ya dubi dattawa. Asabarin ne kawai bai duba ba.

"Baba... ranar mutane sun yi yawa. Ban riƙe wanda ya shiga da wanda ya fita ba."

"Aparai ɗin lafiya yake?"

Habibu ya juya hoton a hannu.

"Da kai nake."

"Lafiya lau yake, Baba."

Rahama ba ta yi ihu ba. Ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa.

Malam Usman ya ninke hoton ya sa a aljihu.

"Na gode. Ka tashi."

Aka tambayi Salisu a tasha. Ya yi dariya ya shafa gemu, ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sunansa ya ƙara tashi cikin samari, mi zai sa ya musa?

Washegari da la'asar Habibu ya same ta a lambu. Zafi ya janye tafki, bakin ruwa duk ya tsage. Tana zaune a fegin da ta cire albasa, babu komai cikinsa.

"Rahama..."

"Kada ka kira sunana da bakin da ya ce lafiya lau."

"Ki saurare ni, don Allah! Kin ji abin da suka ce. In na faɗi gaskiya jiya, da sun fasa ta. Tunkiyarki, albasarki, duk a banza. Da mi zan aure ki?"

"Yanzu da mi za ka aure ni? Da sunan da ka bari a rijiya?"

"Kwana goma! Kwana goma kawai, masoyiya. Salla ta wuce, in yi aikin da na karɓa, in gyara ta. Sannan in tsaya ƙofar masallacin Juma'a in faɗa da bakina. Na rantse!"

"Babana bai kalle ni ba tun jiya. Na kai masa tuwo ya ture da ƙafa."

"Zai huce."

"Ba ka san shi ba."

"Ke ma ai ke kika ce in ɗauki mai arhar..."

Ya yi maza ya kama bakinsa. Ya makara.

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe.

"Haka ne. Ni na zaɓa. Na zaɓi mai arha, Alhassan ya gaya mani aibinta. Kai ne babu wanda ya gaya mani naka."

"Ba haka nake nufi ba, Rahamata..."

"Kwana goma ka ce?"

"Goma."

"Zan ƙirga."

Ta ƙirga.

Ranar Salla ba ta fita ba. Daga ɗaki tana jin yara na kiran Habibu mai hoto, Habibu mai hoto, tana jin gida bayan gida ana yi masa sallama. Ya riga ya kai kyamara Maraɗi a ɓoye, an sauya ɗan hannun. Ba ta sake santsi ba.

Kwana goma suka cika. Juma'a ta zo ta wuce.

Ta aika masa. Ya ce ta ƙara haƙuri, an ba shi aikin hotunan katin ɗan ƙasa na ƙauyuka uku, in magana ta fita yanzu za a ƙwace. Aikin ya ƙare. Ya ce a bari damina ta sauka, mutane su tafi gona, hankali ya kwanta. Kullum gaskiyar tana ƙara nauyi, don yanzu ba laifin kyamara kaɗai zai faɗa ba, sai ya faɗi nasa shirun.

Uwarsa ba ta jira ba. Ta aiko tsohuwa ta ce sun fasa, ba su shigar da abin kunya gidansu.

Malam Usman bai zagi Rahama ba, bai taɓa ta ba. Ya dai daina zama cikin dattawa. Daga kwalekwale sai ɗaki. Da ruwan fari ya sauka, ya ce wa Inde, ba tare da ya dubi ɗiyar ba:

"A kai ta Safo wurin gwaggonta."

Rahama ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa da ƙunshinta.

"Baba, zan tafi. Ka yafe mani abin da ban yi ba."

Bai fito ba.

A Safo ta ji an ɗaura auren Habibu da Delu. A Safo kuma, ana tsakiyar girbin gero, aka aiko mata Malam Usman ya cika. Zazzaɓi ne na kwana huɗu.

Bayan addu'ar bakwai Inna Inde ta ja ta ɗaki, ta ɗaga shimfiɗar marigayi, ta zaro hoton. Ya yi laushi, gefensa duk ya cinye.

"Kullum sai ya fito da shi bakin ƙofa inda haske yake," in ji ta. "Ya kusanto da shi, ya nisanta shi. Neman inda zai ƙaryata shi yake. Idon ne babu, Rahama, ruwa ya riga ya cinye masa ido. Ranar da zai cika ma sai da ya ce in miƙo masa."

A nan Rahama ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar zaure.

Ta koma Safo da hoton.

Akwai wani Ɗanbaba a can, manomi mai amalanken jaki, wanda ke kai wa gwaggonta kara. Ba kyakkyawa ba ne, ba ya iya zance. Shekara ta zagayo ya ce yana son ta. Ta shiga ɗaki ta fito da hoton.

"Duba wannan kafin ka ƙara magana."

Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya juya wa rana baya. Ya daɗe har jakin ya fara cin danga.

"Wanga mutum gilashi ne?"

"Kamar yaya?"

"Ga sandar kujera nan ina hango ta ta cikin kafaɗarsa. Kuma yatsunki katako suka riƙe, ba riga ba. Riga da an dafa ta sai ta lotsa." Ya miƙo mata. "Ban san aikin masu hoto ba. Amma ke kujera kika dafa."

Madarumfa kaf ta kalli hoton nan. Mutum ɗaya ne ya duba shi.

Ta aure shi.

Shekara biyar bayan waccan Salla, ranar kasuwar Madarumfa, Rahama ta zo da Ɗanbaba sayar da wake, da ɗanta Usman goye a baya. Inda rumfar tasha take a da, yanzu shago ne na siminti da ƙofar gilashi. A ciki labule mai gidan bene da jirgin sama.

Ɗanbaba ya tafi shayar da jaki. Tana tsaye jikin amalanke aka yi mata sallama.

Habibu ne. Ya yi ƙiba. Agogo a hannu. Muryar ce ba ta sauya ba, kuma zuciyarta ta buga kamar da. Wannan bugun ya fi komai ɓata mata rai.

"Rahama... ina wuni?"

"Lafiya lau."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban taɓa samun barci mai daɗi ba tun ranar. Ni da Delu ma zaman ya ƙi, ta koma gidansu. Rahama, na shirya. Juma'ar nan zan tsaya ƙofar masallaci in faɗi komai."

"Ka faɗa wa wa?"

"Jama'a..."

"Jama'a sun manta. Sun samu wata suna cin namanta. Wanda bai manta ba yana maƙabarta bayan gari, gabas da tsamiya. Ka je can ka tsaya ka faɗa. Ka ɗaga murya, ƙasa ta yi masa nauyi."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya ɗago abin da ke rataye a wuyansa.

"Bari ko yaron in ɗauka, kyauta. Dubi, sabuwa ce, daga Kano na sayo ta, babu irinta a nan. Ba ta cin pelikil. Ba a kai wa kowa wanki, ba mai buɗe ambulan. Kana dannawa hoton zai fito nan baya, a ɗan gilashin nan, ka gani da idonka. Ba ta haɗa hoto biyu, Rahama. Da ita ce muka samu a lokacin..."

"Mai tsada ce?"

"Sosai."

"Ka kyauta. Ka daina sayen mai arha."

"In hoto bai yi kyau ba ma, sai ka danna nan ka goge shi."

"A goge?"

"Nan take. Kamar ba a taɓa ɗauka ba."

Rahama ta kwance bakin zanenta. Hoton na nan a ninke cikin leda, inda take ajiye shi kullum. Ta warware, ta ɗora masa a kan sabuwar kyamarar.

"To goge wannan."

Habibu ya tsaya da hoto a hannu. 

"Tawa kyamarar sau ɗaya ta yi santsi, Habibu, kuma an gaya mana za ta yi. Ka kai ta Maraɗi ka gyara cikin kwana biyu. Ni ce ba ka samu lokaci ba."

Ɗanbaba ya iso da jaki, ya yi sallama, ya dubi mutumin, ya dubi hoton. Ya ɗaura jaki a amalanke, ya shimfiɗa mata buhu.

"Rahama, hotonki..." in ji Habibu.

"Riƙe. Ka ce rabin kowane hoto nawa ne. Na bar maka rabina."

Ta hau, ta gyara goyo. Ɗanbaba ya taɓa jaki da kara.

Sai da suka wuce tafki, suka kama hanyar Safo, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗanbaba ya ji ta. Bai waiwaya ba, ya dai rage wa jakin sauri.